Motar hayar da ta kai mu hasumiyar Woe: direba tauraro 5, ofis kuma 1 da ƙyar

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hotunan yara a saman hasumiyar nan mutane ke ta kirana, wai ina ne wurin, wace mota muka ɗauka, direban nan mai furfura na ina ne, har ƙawata ta Mamobi ta kira sau 3 a rana ɗaya. To na gaji da maimaita labari ɗaya, bari in zuba shi nan gabaɗaya kowa ya ɗebi rabonsa. Sunan masu motar dai ba zan faɗa ba, ba dan ina tsoronsu ba, kawai dai ba na son a ce na toshe wa wani hanyar abinci, kuma direbansu mutumin kirki ne kar abin ya faɗa kansa.

Asalin tafiyar nan babbar 'yata ce ta jawo ta. Tana JHS 2, wato aji 2 na ƙaramar sakandare, aka koya musu wani abu a makaranta kan hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, ta dawo gida ta ishe mu da zance. Babanta ya ce to ai ga ta Jamestown nan a ƙofar gida, ja da fari, kullum muna wuce ta in za mu sayo kifi, me ya rage? Ta ce a'a ita waccan ta gani ta ƙoshi, akwai wata a Woe kusa da Keta wadda aka gina tun 1901, ta girmi ta Jamestown ɗin da ke tsaye yanzu, kuma wai teku na gefe ɗaya tafki na ɗaya gefen. Ni wlh ban ma taɓa jin sunan garin ba duk da a Ankara, babban birnin Ghana, aka haife ni. Da Hajiya, wato surukata, ta ji an ambaci hanyar Keta sai ta ajiye carbi ta ce da ita za a je, dan rabonta da hanyar tun tana bin uwarta fatauci Lome. Shi ke nan magana ta ƙare, in Hajiya ta ce za a je ai an je.

Mu 6 ne, ni da maigida da Hajiya da yara 3, ga kula ga fulas ɗin abinci ga tabarma. Trotro, wato motar haya ta kowa da kowa, ba zai yi mana ba saboda ƙafar Hajiya, kuma sai mun canja mota ya fi sau 2. Sai wani abokin maigida ya ba shi lambar wasu masu ba da hayar mota da direba. A waya kam ba ka da abin cewa, bakinsu kaman zuma. Suka turo hoton bas ƙarama fara fes a WhatsApp, kujera 7, suka ce AC har baya, mota za ta tsaya ƙofar gidanmu a Nima ƙarfe 5:30 bayan Asuba, mai a kanmu, mu dawo da ita kafin 7 na dare. Aka tura rabin kuɗi ta momo, wato ta waya, tun ranar Alhamis. Kuskuren da muka yi, kuma shi na fi jin haushi har yau, duk maganar nan a kiran waya aka yi ta, hoton kawai ne a rubuce.

Ranar Asabar na tashi tun 3 na dare na ɗora waakye, na soya kaza, na zuba shito a kwalba, yara sun yi wanka sun sa kaya tun kafin kiran sallah, abin da ba sa yi ranar makaranta ko da bulala. 5:30 shiru. 6 shiru. Maigida ya kira, wai mota na wurin wanki. Ya sake kira, wai ta taso tana Circle. Sai 7 saura kwata ga wata bas ruwan toka ta shigo lungu tana tari, ba ita ce ta hoton ba koraa, ko makaho ya shafa ya san ba ita ba ce. Kujera 7 ɗin dai akwai, wannan ba su yi ƙarya ba, amma ta can baya bel ɗinta ya maƙale ba ya janyuwa, ƙofar gefe kuma sai an buɗe ta daga waje. Maigida ya fara hawa sama, ni ma raina ya ɓaci, sai direban ya fito, dattijo haka zai kai shekara 60, ya cire hula ya durƙusa ya gaida Hajiya da Hausa tsantsa, ya ce Mma a yi haƙuri, ni ma ƙarfe 6 aka ba ni makulli, wadda aka yi muku alkawari an ba wasu masu biki jiya da dare. Bai ɓoye komai ba. Hajiya ta dube shi ta ce ɗana tunda ka faɗi gaskiya mu tafi, Allah ya kai mu lafiya.

Wannan jinkirin na awa ɗaya da wani abu shi ya ci mu. Tetteh Quarshie zuwa Tema ba matsala, titin motowe kilomita 19 ne kawai, wanda aka buɗe tun 1965 zamanin Nkrumah, kuma tunda aka daina karɓar kuɗin tol a ƙarshen 2021 ba tsayawa. Amma daga Tema zuwa Dawhenya, innalillahi, trafik paa. Duk wanda ya san hanyar Aflao ya san in ba ka wuce nan da duku-duku ba ka shiga uku, manyan motoci da tifa da trotro kowa na neman hanya. A nan ne muka gane AC ɗin na mutanen gaba ne kawai, wato direba da maigida, mu na baya sai dai mu ji labarinsa. Auta ya fara kuka, na tsakiyan ya ce zai yi amai. Direban ya kashe AC ɗin gabaɗaya ya ce a sauke gilashi kowa ya sha iska ɗaya, ba daidai ba ne Alhaji na jin sanyi Mma na zufa. Maigida bai ce uffan ba, ni kuwa na yi dariya a ciki na.

Tuƙinsa dai ba ni da abin faɗa. Hanyar nan daga Tsopoli zuwa Sege miƙaƙƙiya ce, irin wadda ke ruɗin direbobi su taka wuta, kuma motocin Aflao da na Lome suna wuce ka kaman an koro su. Shi ko a jikinsa. Ba ya wuce mota sai ya ga gabansa sarai, ba ya taɓa waya, sau 2 ofis suka kira shi ya miƙa wa maigida ya ce Alhaji amsa min. A Sege ya tsaya da kansa wurin masu kankana, ya ce na nan ya fi na kasuwar Ankara zaƙi da araha, ya ƙwanƙwasa guda 4 da yatsa ya zaɓa mana 2, ya kuma nuna wa yara gefen da tafkin Songor yake inda ake haƙo gishirin Ada. Ashe a zangon Aflao ya tashi, yana jin Ewe kaman Hausa, ga Twi ga Ga. Wannan kaɗai ya rage mana kuɗi ba kaɗan ba, dan duk inda muka tsaya in ya buɗe baki sai farashi ya sauko.

Gadar Sogakope ce ta fara sa yara yin shiru. Doguwa ce, wajen mita 650, ruwan Volta shimfiɗe hagu da dama, kwale-kwale ƙanana a ƙasa. Ya rage gudu sosai dan su gani. Sai Hajiya ta fara labari, wai lokacin tana yarinya kafin a gama gadar a 1967 jirgin fito ake shiga a Tefle, motoci su yi layi, wani lokacin a kwana a bakin ruwa ana jira, uwarta ta shimfiɗa zane su kwanta kan buhunan kaya. Shekara 16 ina gidan nan ban taɓa jin wannan labarin ba, shi kansa maigida ya juyo yana kallonta baki buɗe. Tana magana tana share ido da bakin mayafi. Direban bai sa baki ba, ya bar ta ta gama, ni a wurina wannan ma yana cikin aikin, dan akwai direban da zai ƙure maka rediyo tun daga Ankara har Keta.

Ana sauka gada 'yan talla suka yanyame mota, burodin Sogakope da kowa ya sani, da biskit ɗin nan mai tauri na rogo da kwakwa, da tsiren adode wato naman ƙumbar ruwa da ake sokawa a tsinke. Mun sayi burodi 3, ɗaya bai kai Dabala ba. Akwai shingen jami'an shige da fice a wajen Sogakope, ku riƙe Ghana Card ɗinku a kusa kar ku cusa shi ƙasan jaka kaman yadda na yi.

A mararrabar Dabala ake barin babban titi a yi dama. Daga nan ƙasa ta canja, fadama ce da ciyawa dogaye da ruwa kwance nan da can, sai Savietula, sai Anloga inda ake bikin Hogbetsotso duk Asabar ta farkon Nuwamba. Abin da ya fi burge ni a hanyar gabaɗaya gonakin ƙananan albasa ne. Fegi-fegi a jere kan rairayi tsantsa, kore shar, rijiyoyi gajeru a tsakani, mutane na ban ruwa, wasu da bokiti wasu da fanfo. Ni da nake sayen albasar nan ƙulli-ƙulli a kasuwar Nima ban taɓa tunanin a yashi take fitowa ba. Direba ya ce taki suke zubawa sosai, kashin kaji da na shanu, in ba haka ba yashin ba ya riƙe komai. Na ce a tsaya in saya, ya ce Hajiya ƙarama bari sai a dawowa, in ta kwana a zafin but ɗin mota tun yanzu warinta zai kore mu daga motar.

Mun isa Woe wajen 11 da rabi, da an zo da mota kan lokaci da tun 9 muna can. Hasumiyar ba a bakin titi take ba, sai an ɗan shiga ta cikin gari wajen teku, kuma da mu kaɗai ne da taswirar waya da mun sha yawo. Sunanta na takarda Cape St. Paul. In ka saba da ta Jamestown mai kaman turmi za ka yi mamaki, wannan ta ƙarfe ce, ƙafafunta a buɗe a ƙasa tana tsukewa tana hawa, fitila a can ƙoli. Direba ya je ya yi magana da mai kula da wurin da Ewe, aka yi gaishe-gaishe, muka ba da ɗan abin da ake bayarwa, aka ce bismillah.

Jama'a matakalar nan ba wasa ba ce. A tsaye take kaman tsani, ga iska na kaɗawa, ga ƙarfe ya sha rana. Na ɗaure mayafi a ƙugu na tattare abaya, kuma duk wadda za ta je ta sa wando a ciki, na faɗa muku. Hajiya tun a ƙasa ta ce ita hawan Arfa ya ishe ta, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar kwakwa. Maigida da ya fi kowa cika baki a mota, wai shi da ya hau rufin bene yana ɗaura eriya, muna kai rabi na ga ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana salati ƙasa-ƙasa, ya ce chale ku wuce ina zuwa. Bai zo ba. Direban ne ya hau bayan auta taki ɗaya-ɗaya, hannunsa a bayan yaron har sama, alhali ba aikinsa ba ne, yana iya kwantar da kujera ya yi barcinsa ba wanda zai ce masa don me.

A sama kuwa sai da na manta zafin mota da komai. Gabanka teku har inda ido ya ƙare, igiyar ruwa na dukan rairayi fari, jiragen masunta a jere a gaɓa. Ka juya baya, kawunan kwakwa, rufin gidaje, gonakin albasar nan kaman an shimfiɗa darduma, can nesa kuma tafkin Keta na ƙyalli. A nan ne za ka gane mutanen nan a kan siririn yashi suke zaune tsakanin ruwa biyu. 'Yata ta zama malama, tana mana bayani wai kowace hasumiya da irin ƙiftawar fitilarta, matuƙin jirgi da dare in ya ƙirga tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa sai ya san ko wace gaɓa ce a gabansa, kuma an kafa wannan a nan ne dan ƙasar ta turo kai cikin teku gabas da inda Volta ke zubawa. Na tsakiyan shi damuwarsa ɗaya, ko in ya tofa yawu zai sauka kan babansa. Saukowa ta fi hawa wuya, da baya-baya ake yi, gwiwata sai da ta kwana 2 tana min tsiya.

Daga nan Keta ba nisa, a wuce Tegbi kawai. Direba ya ce sunan da Ewe yana nufin kan yashi. Ya kai mu zango muka yi Azahar, mutanen wurin suka karɓi Hajiya kaman sun santa, har wata tsohuwa ta kawo mata kujera da ruwa. Sannan muka je Fort Prinzenstein, sansanin da turawan Danmak suka gina a 1784, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Teku ta cinye babban ɓangarensa, abin da ya rage ɗakuna ne masu duhu da bango rusasshe. Ban daɗe a ciki ba, ƙirjina ya yi nauyi, na fito na bar su da mai bayani. A waje ga manyan duwatsun da aka jibge a farkon shekarun 2000 dan tare teku, direba ya nuna mana cikin ruwa ya ce can da unguwanni ne da shaguna.

Abinci a bakin tafki muka ci, kan tabarma. Tafkin Keta shi ne mafi girma irinsa a Ghana, ruwansa da gishiri-gishiri kuma ba zurfi, za ka hango mutum can tsakiya ruwa iya ƙugunsa yana jan taru, ga fararen tsuntsaye birjik, wasunsu tun daga Turai suke zuwa cin rani. Waakye na ya sha yabo, amma gaskiya soyayyar karfasa da abolo da direba ya je ya sayo mana wurin wata mata su suka ci gasar, da 'yan ƙananan kifin nan da ake ce wa Keta school boys, yara suka dinga watsawa a baki kaman gyaɗa. Da ƙyar ya yarda ya zauna ya ci da mu, sai da Hajiya ta ce ɗana in ba ka ci ba ni ma na fasa.

Yanzu ga inda ofis suka ƙarasa zubar da kansu. Mun taso 3 da rabi, muka tsaya Anloga na sayi albasa ta, mun wuce Savietula kaɗan sai ji muka yi fuuu, tayar baya ta sace. Ba komai, taya na sacewa ko a sabuwar mota. Aka sauke kaya aka ciro safaya, babu iska a cikinta ko ta busa balan-balan, kuma ta sha faci har ba wurin sa wani. Direban ya tsaya yana kallonta, na ga kunya ta kama shi, ya ce da safe ya tambaya aka ce masa an duba komai. Wurin ba gida ba shago, fadama ce kawai da sauro da suka fara fitowa gaishe mu. Ya tare okada, ya ɗora tayar a cinya ya tafi neman mai faci, ya bar mana makulli ya ce a kulle ƙofa in an ga dama. Minti 50 muna zaune, Hajiya ta yi La'asar a gefen titi, yara suka cinye kankana ɗaya da hannu. Ya dawo jiƙe da zufa, ya ɗaura, kuma kuɗin facin da na okada daga aljihunsa ya biya, sai da maigida ya matsa masa ya faɗi nawa ne.

Saboda haka duhu ya same mu tun kafin Sege, abin da muka tsara kar ya faru, dan hanyar nan da dare fitilun manyan motoci kashe ido suke. Trafik ɗin Dawhenya na jiranmu kaman bashi. Mun shigo Nima 9 saura. Muna sauke kaya wayar maigida ta yi ƙara, ofis ne, wai mun wuce ƙarfe 7 dan haka akwai ƙarin sidi 200 na lokaci. Wlh na ɗauka wasa ne. Na karɓi wayar na ce ɗan'uwa, ku kuka zo a makare da fiye da awa ɗaya, ku kuka canja mota, ku kuka ba mu safaya ba iska, yanzu kuma mu za mu biya ku? Ya ce Madam haka dokar kamfani take, kuma a ina aka rubuta 5:30? Nan ya kama ni, dan ba a rubuta ba. Aka yi ta ja-in-ja, maigida ya ce to a cire kuɗin faci da okada a ciki, a ƙarshe aka tsaya kan ba mu ƙara ko pesewa ba su ma ba su mayar mana da komai ba, kuma har yau ko a yi haƙuri ba su turo ba.

To masu tambaya ko in ba su lambar, ga amsata. Motar tauraro 2, dan injinta bai ba mu matsala ba kuma ba ta sha mai da yawa ba, cikinta ma a share yake. Ofis 1. Direba 5, da akwai 6 da na ƙara. In dole sai wurinsu za ku, ku sa su rubuta lokacin zuwa da lambar motar da maganar ƙarin lokaci a WhatsApp kafin ku tura momo, in mota ta zo ku sa a ciro safaya ku danna ta da ƙafa, ku zauna kujerar baya ku ji AC da kanku, kuma ku bar Ankara kafin 6 ko ta halin ƙaƙa.

Da zai tafi Hajiya ta sa aka ƙulla masa albasa da burodi ɗaya, ta karɓi lambarsa ta sa 'yata ta rubuta mata a bangon littafin addu'o'inta. Wai bayan sallah babba shi zai kai ta Tefle ta ga inda jirgin fito ke tsayawa da, kuma ta ce wa maigida wannan karon shi zai zauna baya.